Wata 17 tare da wani ofishin lauyoyi a Katsina: yadda suka ɗaukaka mana ƙarar gona

Ranar da alƙali ya karanta hukuncin da ya raba mu da gonar mahaifinmu, ya rufe da maganar da duk wanda ya taɓa zama a kotu ya sani, cewa wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Mun ji maganar da kunnuwanmu, amma babu wanda ya lura a cikinmu cewa tun daga wannan rana aka fara ƙirga. Kwana 19 muka ɓata muna taron dangi a zauren yayanmu, wasu suna cewa a bar wa Allah, wasu suna cewa a kai kuka wurin hakimi, sai a rana ta 20 wani abokina da muka yi aikin koyarwa tare ya ja ni zuwa ofishin lauyoyin da nake son yin bayani a kansa. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin ina da yabo kuma ina da ƙorafi, sannan ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya sun taƙaita talla, ba na son yabona ya jawo musu magana.

Ofishin yana hawa na ɗaya na wani bene a cikin birni, sama da shagunan masu buga takardu. Ɗakin jira ƙarami ne, benci biyu da fanka ɗaya, kuma idan aka ɗauke wuta da rana sai mutum ya gwammace ya tsaya a bakin matakala ya sha iska. Lauyoyi uku ne: babbansu, wanda kowa ke kira Barista kawai, da matasa biyu, namiji da mace, sai akawu mai karɓar kuɗi da ajiye fayil. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne kantar littattafan da ke bayan kujerar Barista, inda na ga Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim da Mukhtasar na Shehu Khalil, gefensu duk ya yi baƙi don yawan buɗewa, suna jere da kundayen hukunce-hukuncen manyan kotuna. Kuɗin ganin lauya naira 10,000 ne, an kuma ba ni rasit nan take.

Asalin rigimar ba shi da tsawo. Lokacin da mahaifinmu ya dawo birni da kasuwanci, ya ba maƙwabcinsa aron gona, kuma kowace kaka maƙwabcin yakan aiko da dami biyu na gero a matsayin alamar cewa gonar tana da mai ita. Bayan Allah ya yi wa dattawan biyu rasuwa sai dami ya daina zuwa, da muka yi magana 'ya'yan maƙwabcin suka ce ai mahaifinsu saye ya yi. Muka shigar da ƙara a wata babbar kotun shari'ar Musulunci, muka kawo shaidu biyu da suka san zancen aro, amma alƙali ya dubi daɗewar gonar a hannunsu, ya ba babbansu rantsuwa, ya tabbatar musu da ita.

Na shiga wurin Barista da dogon jawabi a bakina, tun daga yadda kakanmu ya sare dajin. Ya bar ni na yi kamar minti goma, sannan ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, tarihin zai yi amfani daga baya. Yanzu abu uku nake so: ranar da aka yanke hukunci, ko kun karɓi kwafin shari'a, da kuma ko waɗannan mutane suna cikin magadan mahaifinku." Da na faɗa masa ranar, sai ya juya ya dubi kalandar bango ya ƙirga da bakin biro, ya ce saura kwana 10, kuma biyu daga ciki Asabar da Lahadi ne. A lokacin na ji haushin katse ni da ya yi. Yanzu da na waiwaya, waɗannan tambayoyi uku su ne mafi tsadar abin da na saya a ofishin.

Tambaya ta uku ita ce ta tsamo mu daga ramin da muka kusa faɗawa. Wani mai zirga-zirga a bakin kotu, irin waɗanda ke rubuta wa mutane takarda su karɓi na goro, ya riga ya gaya mana cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci za mu nufa, mu ma kuma haka hankalinmu ya ba mu. Duk Bakatsinen da ya yi wayo kafin 2003 yana tuna shari'ar Amina Lawal, wadda kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jifa kan zargin zina a watan Maris na 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta, sannan wannan kotu ta birnin Katsina ta rushe hukuncin ranar 25 ga Satumba, 2003, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Tun daga nan ya zauna mana a rai cewa duk abin da ya fito daga kotun Musulunci can yake ƙarewa. Barista ya buɗe Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya nuna mini sashe na 277, wanda ya jera abin da kotun ke da hurumi a kansa a shari'o'in da ba na laifi ba: aure da saki, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Ya ce da a ce rigimar tsakanina ce da 'yan'uwana kan rabon gonar, da can ce hanyarmu, amma jayayya ce kan mallaka tsakaninmu da mutanen da ba su da gadon mahaifinmu, kuma Kotun Ƙoli ta riga ta yanke a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000 cewa irin wannan ba hurumin waccan kotu ba ne. Ko da mun je can mun yi nasara, in ji shi, abokan shari'armu na iya haurawa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a rushe komai a kan hurumi kaɗai, bayan mun zubar da shekaru da kuɗi. Saboda haka Babbar Kotun Jiha muka nufa, kuma cikin kwana huɗu an shigar da takardar ɗaukaka ƙara mai ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi da ake liƙa wa irin waɗannan takardu.

Aikin da ya fi burge ni ba a gaban alƙali aka yi shi ba, a kan teburin matashiyar lauyar aka yi shi. Kotunan Musulunci da Hausa suke rubuta shari'a, manyan kotuna kuwa da Turanci suke aiki, don haka dole ne a fassara kwafin shari'a kafin a tura shi sama. Da fassarar ta iso, sai ta kira ni ta ce, "Baba, in ba damuwa ka zo da tabaranka gobe, zama za mu yi." Muka zauna tun hantsi har la'asar, kwafin Hausa a hannuna ina karantawa a fili, ita kuma tana bin na Turanci da kan fensir layi bayan layi. A shafi na 14, inda shaidanmu na farko ya ce "marigayi ya ba shi aron gonar a gabana," sai ta ce in tsaya in maimaita. Mai fassara ya tsallake kalmar aro, ya rubuta abin da ke nufin "ya ba shi gonar" kawai, wanda duk mai karantawa zai ɗauka kyauta ce. Ba na zargin kowa da mugun nufi, gajiya da gaggawa ma suna iya jawo haka, amma da wannan shafi ya wuce yadda yake, da shaidanmu ya koma shaidan abokan shari'armu ba tare da ya sani ba. Ta zagaye wurin da jan biro, ta rubuta wasiƙa zuwa ga magatakarda, aka gyara kafin a tura. Wannan yini guda ya ishe ni hujjar cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

Dalilin da ya sa kalma ɗaya ta yi wannan nauyi shi ne hukuncin hauzi. A mazhabar Malikiyya, idan wanda ba dangi ba ya riƙe ƙasa shekara 10 yana amfani da ita, mai ita yana nan yana gani, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Amma hauzi ba ya tsayawa idan aka tabbatar da cewa ta hanyar aro ko haya ko jingina ƙasar ta shiga hannun mai riƙon. Dalilin ɗaukaka ƙararmu na farko ke nan: alƙali ya ba da rantsuwa a kan hauzi alhali bai ce komai ba game da shaidun aro, bai karɓe su ba, bai kuma faɗi abin da ya sa ya ƙi su ba. Na biyu shi ne i'izari, wato tambayar ƙarshe da alƙali zai yi wa wanda hukunci zai hau kansa, ko yana da sauran magana ko wata hujja, kafin ya yanke. Manyan kotuna sun sha rushe hukunci saboda rashinsa, kuma a cikin kwafin shari'armu daga farko har ƙarshe babu inda aka rubuta an yi shi. Ni da nake tsaye a kotun ranar ban san an tauye mini wani haƙƙi ba.

Mun yi saɓani da Barista a kan abu ɗaya, kuma shi ne ke da gaskiya. Bayan an yanke hukunci mun gano wani dattijo da ya sha ɗauko damin geron nan a kan jakinsa zuwa gidanmu, na matsa lamba a kai shi gaban Babbar Kotu. Barista ya ce kotun ɗaukaka ƙara ba sabuwar shari'a take yi ba, abin da ke cikin kwafi take dubawa ta ga ko alƙalin ƙasa ya yi kuskure, kuma ba ta karɓar sabuwar shaida sai da dalili mai ƙarfi, misali a nuna cewa babu yadda za a yi a same ta tun farko. Dattijon kuwa yana ƙauyen duk tsawon shari'ar, mu ne ba mu neme shi ba. Ya kuma gaya mini tun kafin in biya kashi na biyu na kuɗinsa cewa abin da ya fi tsammani, in an dace, shi ne a rushe hukuncin a ce a sake shari'a, ba a miƙa mana gona ba. Na so in ji ya ce za mu yi nasara, sai ya yi dariya ya ce shari'a mace ce mai ciki. Lauyan da ke faɗin haka alhali yana jiran sauran kuɗinsa ya cancanci a yaba masa.

Haka kuma sun hanzarta neman umarnin hana sayar da gonar ko yanka ta filaye har a gama sauraron ƙara, domin shigar da takardar ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta tsayar da hukunci. Garin yana ta faɗaɗa zuwa wannan yanki, kuma dillalai sun riga sun fara leƙawa.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka ga inda ofishin ya gaza. Na farko shi ne kuɗi. Mun daidaita da baki a kan naira 450,000, a biya kashi uku, na ɗauka shi ke nan. Ana gobe zaman farko akawu ya kira ni ya ce in turo naira 10,000 kuɗin fita, ashe haka za a riƙa yi kowane zama, ko an saurari ƙara ko an ɗage. Sai kuɗin fassara, sai na kai sammaci ƙauye, sai na buga takardu, kowanne ya zo a lokacin da ban shirya masa ba, wasu da rasit wasu babu. Ban ce an cuce ni ba, domin da na tattara lissafi na gwada da abin da wasu suka biya a wasu wurare, na ga ba su tsawwala ba. Amma ɗan fansho yana bukatar ya san abin da ke gabansa, kuma ƙa'idar kuɗin aikin lauyoyi da aka fitar a 2023 ta bukaci lauya ya ba wanda yake wa aiki sharuɗɗan aikin a rubuce. Ni sai da na roƙa sau biyu aka rubuta mini, bayan wata biyar.

Na biyu shi ne rashin sanarwa, wanda ya fi na farko ciwo. Sau biyu na ɗauko yayanmu, mai ciwon ƙafa, a Keke Napep muka isa kotu tun ƙarfe takwas da rabi, muka tarar an ɗage zama, alhali ofishin ya san haka tun jiya. Saƙon waya guda ɗaya ya isa ya hutar da dattijo. Lokacin hutun shekara na kotuna ma babu wanda ya gaya mana cewa za a yi makonni ba zama, sai da na je da kaina na tambaya. Wayar Barista kuwa kusan kullum a kashe take da safe saboda yana kotu, wanda uzuri ne karɓaɓɓe, amma da yamma ma ba ya mayar da kira. A cikin zama tara da aka yi, sau uku kacal ya tsaya da kansa, sauran duk matasan ya tura. Aikinsu bai yi ƙasa ba, har na fi sakewa da matashiyar, sai dai ya kamata a gaya wa mutum tun ranar ciniki wanda zai riƙa tsaya masa.

Yawan zama a ɗakin jira ya sa na ga yadda suke karɓar wasu matsalolin da ba irin tawa ba. Wata rana wata tsohuwa ta shigo da takarda a ƙulle a bakin mayafinta, kotun majistare ta ɗaure ɗanta a kan zargin sata, tana so a fito da shi a ranar. Ƙofar ofishin a buɗe take, na ji Barista yana ce mata, "Inna, ɗaukaka ƙara ba ta buɗe ƙofar gidan yari da kanta. Kafin hukunci doka tana ɗaukarsa marar laifi, bayan hukunci kuwa beli sai da dalili na musamman." Da ya fahimci kuɗin motar komawa ma da ƙyar ta haɗa, bai karɓi ko sisi ba, ya rubuta mata 'yar takarda zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 domin marasa hali, ya sa akawu ya raka ta bakin titi ya kwatanta wa mai babur wurin.

Ta fuskar haraji kuwa ƙarfinsu kaɗan ne, su ma ba su ɓoye ba. Surukina mai shagon yadi a kasuwar Fatima Baika ya sami takardar ƙiyasin haraji da yake ganin ta wuce cinikinsa, na kai shi wurinsu. Sun gaya masa abu mafi muhimmanci, cewa yana da kwana 30 ya rubuta ƙin amincewa tare da hujjojinsa, in ya yi shiru ƙiyasin ya zauna, kuma idan ba a daidaita ba akwai kotun sauraron ƙorafin haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke Kaduna, daga can kuma sai Babbar Kotun Tarayya a kan abin da ya shafi doka. Daga nan suka haɗa shi da wani akanta, suka ce lissafin littattafan shago ba fagensu ba ne. Na yaba da gaskiyar, amma ganin cewa Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu a watan Yuni na 2025, ofishin da ke tsakiyar 'yan kasuwa yana bukatar ko da mutum ɗaya da ya ƙware a wannan fanni.

Ranar sauraron ƙararmu Barista ya zo da kansa. Na yi zaton za a yi doguwar muhawara, sai na ga bai wuce minti ashirin a tsaye ba, domin an riga an shigar da hujjoji a rubuce, shi dai ya ja hankalin masu shari'a zuwa shafi na 14 da kuma shafin ƙarshe, inda hukunci ya biyo bayan rantsuwa kai tsaye babu i'izari a tsakani. A kan matakala ya gaya mini cewa sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci bayan jawabin ƙarshe, kuma ba a kai haka ba aka kira mu. Kotu ta rushe hukuncin farko, ta umarci a sake shari'ar a gaban wani alƙali daban, daidai yadda ya yi hasashe fiye da shekara guda kafin nan. Yayanmu ya fara hamdala da ƙarfi a harabar kotu, Barista ya kama hannunsa ya ce, "Alhaji, tsugune ba ta ƙare ba." Ya bayyana mana cewa ɗaya ɓangaren yana da wata uku ya haura Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, ko da yake sai sun nemi izini in dai ba a kan tsantsar doka za su yi ƙorafi ba, tunda Babbar Kotu a matsayin mai sauraron ɗaukaka ƙara ta zauna.

Ba su haura ba. Barista ne kuma ya ba mu shawarar mu nemi sulhu kafin a buɗe sabuwar shari'a, duk da cewa sabuwar shari'a sabon kuɗi ne gare shi. Dalilinsa shi ne shaidanmu na farko ya haura shekara tamanin, ɗaya ɓangaren kuma yanzu sun san akwai dattijo mai jaki, saboda haka wannan ne lokacin da kowa ke jin tsoron kotu daidai gwargwado. Aka zauna a gaban mai gari da limami, suka amince gonar ta mahaifinmu ce, mu kuma muka bar musu kashi ɗaya cikin huɗu ta gefen rafi saboda shekarun da mahaifinsu ya yi yana zuba mata taki. Matashiyar lauyar ce ta rubuta yarjejeniyar da Hausa da Turanci, aka kai kotu ta zama hukunci.

Wanda ke da hukuncin kotun Musulunci a hannu kan gona, gida ko gado, yana kuma neman wanda zai karanta kwafin shari'a da idon da ya san fiƙihu ya san dokar ƙasa, zan kai shi wannan ofishi ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya nemi lissafin kuɗi a rubuce tun ranar farko, ya karɓi lambar akawu da ta ƙaramin lauya, ya kuma riƙa kira da kansa ana gobe kowane zama. Mai rigimar haraji ya je ya ji wa'adinsa, sannan ya nemi ƙwararre a wani wuri. Takardun gonar na asali da na ba su tun farko har yanzu suna cikin fayil ɗinsu. Sau uku ina hawa benen nan domin in karɓa, kowane zuwa akawu yana ce mini makullin kabad yana wurin Barista, Barista kuma yana kotu.